Makullin ɗakin kwamfuta

Yaro ɗan shekara sha biyu minti biyar ya ishe shi ya birkita kwamfutar makaranta. Ya sauya hoton allo, ya cusa filashi ya zuba wasa, ya goge aikin ɗan'uwansa. Da wannan ɓarnar nake cin abinci a Jidda. Ni da yarana biyu muna bin makarantu muna ɗaure ɗakunan kwamfuta da Group Policy, tsarin dokokin da Microsoft ta shigo da shi tun Windows 2000.

A shagon wani dattijo Bahaushen Makka na koya, Allah ya jiƙansa. Ranar da ya fara sakar mini hannu, na buɗe gpedit, wato manhajar saita waɗannan dokoki, da zumuɗi, na toshe Control Panel, na toshe cmd, tagar da ake buga wa kwamfuta umarni, na lissafa manhajojin da kaɗai za su buɗu. Ashe dokar ta hau kaina ni ma. Ya leƙo ya ce, "Ɗana, ka garƙame ƙofa ka bar makulli a ciki." Sannan ya nuna mini yadda ake bi ta mmc, wata manhajar gudanarwa ta Windows, a ware dokar ga ɗalibai kawai.

Inda akwai saba kuwa, wato babbar kwamfutar da ke juya sauran, nan gwanintar take. Kwamfutocin ɗakin nakan tara su rukuni guda a Active Directory, rajistar kwamfutoci da masu amfani da su da ke kan sabar, in kunna saitin loopback, don dokar ta bi injin, ko wa ya zauna a kansa. In hana filashi, in sa AppLocker ya tsare abin da yaro ya sauko da shi, in sa wa BIOS, saitin da ke tada injin kafin Windows, lambar sirri, domin akwai shu'umin da zai tada injin daga filashinsa ya tsallake komai. Dokokin kan sabunta kansu duk bayan kamar minti 90, amma ba na jira. Sai in buga umarnin gpupdate su sabunta nan take, in zauna a kujerar ɗalibi in gwada ɓarna da hannuna.

Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne masu arha. Mudir, wato shugaban makaranta, zai yi ta ciniki, ya ce wane ya yi masa rabin farashina. In ka je, Windows Home aka jibga masa, wadda ba ta da gpedit, ba ta kuma shiga domain, wato rukunin kwamfutocin da saba ke juyawa. Bara haka aka kira ni gyaran wani ɗakin, na tarar an sa salatif an manna lambar sirrin mai kula da kwamfutocin a ƙarƙashin kibod.