Bindigar farko a gidan ma'aurata: a bar kowa ya gwada da hannunsa

A ƙasashen da doka ta yarda farar hula su mallaki bindigar hannu, abin da na fi gani idan miji da mata za su sayi ta farko shi ne maigida ya tafi shi kaɗai, ya zaɓi tasa, sannan ya nuna wata 'yar ƙarama mara nauyi ya ce wannan ta uwargida ce. Da kyakkyawar niyya yake yi. Amma ni mace ce da ta daɗe tana zuwa filin koyon harbi, kuma na sha ganin matan da aka yi wa irin wannan kyauta sun ɗan harba kaɗan, hannu ya yi tsami, sun ajiye, ba su sake waiwayarta ba. Abin yana damuna ƙwarai, domin bindigar da mai ita ke tsoro haɗari ce a cikin gida.

Ƙaramar bindiga ita ta fi wuyar sarrafawa, kuma dalilin a fili yake. Ƙarfin da ke tura harsashi gaba shi ke tura bindiga baya, kuma gwargwadon rashin nauyinta gwargwadon shurin da za ta yi wa tafin hannu. Ɗauki libarba, wato bindiga mai gidan harsashi mai juyawa, ƙirar Smith & Wesson 642, wadda ake yawan miƙa wa mata. Nauyinta bai kai rabin kilo ba, tana cin harsashi biyar na .38 Special, bututunta bai cika santimita 5 ba, kuma kunamarta na buƙatar jan kusan kilo biyar kafin ta tashi. Wato yatsa ɗaya zai ja abin da ya ninka nauyin bindigar sau goma, alhali ana so bakinta ya tsaya cak. Sai ka kwatanta da Glock 19, wadda ta fito a 1988: nauyinta ba harsashi wajen giram 670, bututunta santimita 10, kunamarta kuma kusan rabin ƙarfin waccan take buƙata. Ta fi girma, ta fi cika hannu, amma sabon hannu ya fi samun saiti da ita. Kuma wanda bindiga ta buge shi tun ranar farko yakan koyi zabura kafin ƙarar ta tashi, ya danna bakin bindigar ƙasa bai sani ba. Cire wa mutum wannan ɗabi'a yana cin lokaci mai tsawo.

Ba a saya wa mutum takalmi da awon ƙafar wani, to haka mariƙin bindiga yake. Ga yadda nake cewa a gwada, bayan an tabbatar ba harsashi a ciki. A riƙe ta can sama, bututun ya miƙe daidai da dantse, sannan a ɗora yatsa a kan kunama. Idan sai an murɗa hannu gefe kafin yatsa ya kai, ta yi girma. A duba ko babban yatsa yana kaiwa maɓallin sakin gidan harsashi. Idan kuma bindiga ɗaya za ku saya ku biyu, a auna ta da hannun da ya fi ƙanƙanta, domin mai babban hannu yana iya maneji da ƙaramin mariƙi, amma gajeren yatsa ba ya ƙara tsawo. Kamfanoni da yawa yanzu suna haɗa wa da bayan mariƙi da ake sauyawa, Glock ma ta fara haka tun 2010.

Akwai ƙorafin da nake yawan ji, wai mace ba za ta iya jan murfin saman fistol, wato bindiga irin Glock, ta ɗana ta ba. Yawanci matsalar dabara ce. A kawo bindigar kusa da ƙirji, bakinta na fuskantar inda ba kowa, hannu ɗaya ya kama murfin da kyau, ɗayan ya tura mariƙin gaba da ƙarfi. Wanda kuma ciwon gaɓɓai ko tsufa ya raunana masa hannu, namiji ne ko mace, akwai irin su M&P Shield EZ da Smith & Wesson ta fitar a 2018, wadda aka sassauta wa sifirin da ke mayar da murfin saboda haka.

Maganar harsashi ba na tsawaita ta. A fara koyo da .22 LR, a bindiga irin Ruger Mark IV, domin shurinta kaɗan ne kuma harsashinta ya fi araha, mutum zai yi ta harbi har hannu ya saba. Bayan haka 9mm, wanda Georg Luger ya ƙirƙira a farkon shekarun 1900, ya wadatar. Hukumar FBI ta Amurka ma ta koma kansa bayan shekaru tana amfani da .40, kuma cikin dalilanta har da cewa jami'anta sun fi samun saiti da shi.

Shawarar da nake maimaita wa kowane maigida ita ce kada ya zama malamin matarsa, ita ma kada ta zama malamarsa. Gyaran da mutum zai karɓa daga ƙwararren malami cikin sauƙi, daga bakin abokin zama sai ya zama abin ɓacin rai. Ku shiga aji tare, ku haddace ƙa'idoji huɗun da Jeff Cooper, wani malamin harbi Ba'amurke, ya yaɗa: kowace bindiga a ɗauke ta da harsashi a ciki, kada bakinta ya kalli abin da ba ka shirya lalatawa ba, yatsa ya nisanci kunama sai an saita, kuma a san abin da za a harba da abin da ke bayansa. A toshe kunne, a sa tabarau, a wanke hannu bayan harbi saboda dalmar da ke cikin harsashi. Mai juna biyu ta dakata har ta sauka.

Kafin duk wannan akwai doka da kuma yardar juna. Doka ta bambanta daga ƙasa zuwa ƙasa. Birtaniya, alal misali, ta haramta wa farar hula kusan duk bindigogin hannu a 1997 bayan kisan yara 'yan makaranta a garin Dunblane na Scotland. Sai a fara da lasisi. Sannan idan ɗaya daga cikinku bai natsu da shigowar bindiga gida ba, a dakata. Ina faɗar wannan da gaske, domin a Amurka fiye da rabin mutuwar da bindiga ke jawowa kisan kai ne da mutum ke yi wa kansa. Gidan da wani ke fama da matsananciyar damuwa, ko ake rikici mai zafi, bai kamata a ajiye ta ba. Inda kuma aka amince, a sayi akwatin ƙarfe mai makulli kafin ita kanta bindigar ta iso, a tabbatar ku biyun kun iya buɗe shi, yara da baƙi kuma ba za su iya ba.