Asabar da dare a wurin lilo

Yau hazo ya ɗan sassauta, sai na saɓi kyamara da ƙafarta mai uku na nufi Magicland, wanda mu tsofaffin Abuja har gobe Wonderland muke ce masa. Yana wajen ƙofar shiga birni, kusa da filin wasa na Moshood Abiola.

Ana sallame Magariba na kafa kyamara. Ɗan tsakanin nan nake farauta: an kunna fitilun lilo, sama kuma ba ta gama baƙi ba, shuɗi ce mai duhu. A nan ƙasar ba ya jimawa, kafin minti 30 dare ya rufe.

Na fara da lilon jirgin ruwa. Na sa ISO, wato ƙarfin jin hasken kyamara, a 100, faɗin ƙofar shigar haske a f/11, na bar idon kyamara a buɗe daƙiƙa 2, na sa mata lokaci ta ɗauka da kanta don kada hannuna ya girgiza ta. Tsarki ya tabbata ga Allah! Fitilun suka ja layi ja da kore a sararin sama kamar bakan gizo, abin da ido ba ya taɓa gani. Da na kai daƙiƙa 8 launukan suka cakuɗe suka koma fari fat.

Sai dai hotunan sun dame ni. Duk ihun da yaran suke yi, babu fuskar kowa a ciki, motsi ya shafe su. Ni kuwa saboda su na fito.

Mai kula da lilon ya leƙo allon ya ce, "Maigida, jira ya kai can ƙololuwa, nan yake ɗan tsayawa kafin ya dawo." Gaskiyarsa. Na roƙi wani dattijo izinin ɗaukar jikarsa, ya ce, "Bismillah, ɗana, amma ka turo min." Na mayar da buɗewar idon kyamara 1/15 na daƙiƙa, na saita filashi ya tashi a ƙarshen ɗauka. Yarinyar ta fito tar, baki buɗe, ta ƙanƙame ƙarfe da hannu biyu, mayafinta a iska, hasken ya ja jela a bayanta. Wannan nake so.

Na tura wa dattijon ta WhatsApp tun muna tsaye. Yanzu ina goge ƙurar hunturu a gilashin kyamara, gobe in Allah ya kai mu sai lilon dawaki.