Abin da ya sa na bar Prado na ɗauki Corolla

Aikina a Tawa yake, iyayena kuma suna Yamai, don haka mafi yawan tuƙina a kan hanyar nan ce mai kusan kilomita 550, ta Tsarnawa da Ƙonni da Dogon Dutsi da Doso. Da na tara kuɗin mota, zaɓi biyu suka rage mini, dukansu na hannu: tsohuwar Prado mai shan isansi, da Corolla.

Yayana bai ko tsaya jin sauran bayani ba. “Ƙanena, ɗauki babbar,” in ji shi. “Ran da aka yi gaba da gaba, ƙarfe ke magana.” Gaskiyarsa. In mota ta ninka wata a nauyi suka yi karo, girgizar da ta samu ƙaramar ninkin ta babbar ce, mutanen cikinta kuma su ke shan ta. Maganar nan ta hana ni barci, domin yarana ne za su zauna a baya.

Sai na ari Prado ɗin wani aboki na je Yamai da ita, ina rubuta man da na zuba. Ta sha kusan lita 14 a kowane kilomita 100, Corolla kuwa ba ta wuce 8. Bambancin ya haura lita 30 a zuwa kaɗai. A farashin CFA 499 da aka sa wa lita a Yulin 2024, jikka 16 ke nan da ɗoriya. Kowace lita da ta ƙone kuma tana sakin kusan kilo 2.3 na iskar da ke ƙara wa duniya zafi, wato ƙarin fiye da kilo 70 kafin in gaida tsofaffi. Mu mutanen Adar da muka ga yadda aka yi fama da zaizayar ƙasa a Keita tun shekarun 1980, bai kamata a ce wannan lissafi bai dame mu ba.

Amma abin da ya yanke mini shawara a cikin Ƙonni na gan shi, wajen cunkoson kasuwa. Ina zaune can sama, yaro ya gifta gabana da tiren goro, sai da ya fita ɗaya gefen na hango kansa. Gaban motar ya rufe shi gaba ɗaya. Mota mai dogon gaba a ƙirji ko a kai take bugun mutum, gajera kuwa a ƙafa. Cibiyar IIHS ta Amurka mai binciken haɗurran mota ta nuna a 2023 cewa motocin da tsayin gabansu ya wuce mita guda sun fi gajeru halaka mai tafiya ƙasa da kusan kashi 45 cikin 100. Hanyarmu kuwa cike take da ƴan kabu-kabu da amalanken jaki da ƴan makaranta. Kariyar da zan saya wa iyalina, su ne za su biya wani ɓangare nata. Ga shi kuma mota mai tsayi irin Prado ta fi saurin kifewa in taya ta fashe ko an kauce wa saniya da gudu, kuma a gaban babbar motar da ta ɗauko albasa daga Galmi, Prado ma ba komai ba ce.

Wanda aikinsa ke kai shi cikin rairayin Cintabaraden ko bayan Abalak, ba ni da ta cewa, babbar ita ce daidai da shi. Ni a kan gudron nake.

Rarar kuɗin na sa ta inda makanikena ya nuna mini: sababbin tayoyi huɗu maimakon na gwanjo, birki, da fitilu. Ya duba jakar iskan kariya tana nan, ya kuma tabbatar ba a yanke tukunyar tace hayaƙi ba, don ana yawan cire ta a sayar kafin mota ta iso hannun mai saye. Ba na wuce 90, ba na tayar da mota sai kowa ya ɗaura bel har na baya, kuma in magariba ta same ni a Dogon Dutsi, nan nake kwana. Har yanzu in babbar mota ta taho gabana a inda hanya ta matse, gabana yana faɗuwa, sai in rage gudu in ba ta wuri.