Kwalara: abin da za a yi kafin a isa asibiti

Abin da ke kashe mai kwalara shi ne ƙarewar ruwan jiki. Gudawar tana fita kamar ruwan wankin shinkafa, kuma babban mutum yana iya rasa lita da yawa cikin 'yan sa'o'i. A 2021 Najeriya ta samu mutum sama da 100,000 da ake zargin sun kamu, fiye da 3,500 suka rasu, alhali idan aka mayar da ruwan a kan lokaci, mamatan ba sa kai ɗaya cikin ɗari.

Saboda haka da gudawar farko ake fara ba da ruwan gishiri da sukari. Fakiti ɗaya na ORS (haɗaɗɗen garin gishiri da sukari) a lita ɗaya ta ruwa mai tsabta, wato ledar fiya wata biyu. In babu fakitin, a zuba sukari cokalin shayi 6 da gishiri rabin cokalin shayi a lita ɗaya, duk a shafe, ba a tule ba. A nan ake yawan ɓata abin: gishiri in ya yi yawa yana cutar da yaro ƙwarai, sukari in ya yi yawa yana ƙara gudawar. Yaron da bai kai shekara 2 ba a ba shi mililita 50 zuwa 100 bayan kowace gudawa, babba ya sha iya shansa. In ya yi amai, a jira minti 10 a ci gaba da cokali-cokali. Abin da ya kai awa 24 a zubar, a haɗa sabo. Mai shayarwa kada ta daina ba da nono.

Idanu sun faɗa, an mintsini fatar ciki ta ƙi komawa da sauri, ko ya kasa sha? Wannan sai ƙarin ruwa a asibiti, kuma a tafi ana ba shi ruwan gishiri da sukarin a hanya in yana iya haɗiya.

Abin da ya fi damuna shi ne randa. Ana tafasa ruwa ko a sa masa kulorin a jira minti 30, sai kuma a bar moɗa ɗaya kowa ya tsoma har da hannunsa. Jarka mai ƙaramin baki da murfi ta fi, domin tsiyayowa ake yi. Masai kuma ya yi nesa da rijiya da aƙalla mita 30, musamman inda damina ke kawo ambaliya.