Saurayi da sitiyari: abin da alƙaluman haɗari ke nunawa

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce mutum kimanin miliyan 1.19 ne ke mutuwa a haɗarin hanya duk shekara, kuma shi ya fi komai kashe 'yan shekara 5 zuwa 29. Yiwuwar namiji ya mutu a hanya ta ninka ta mace kusan sau uku. A Amurka, inda ake auna haɗari da nisan tafiyar da aka yi, direba ɗan shekara 16 zuwa 19 ya ninka wanda ya kai 20 kusan sau uku wajen haɗarin da ake rasa rai. Za ka ce ai maza sun fi yawan tuƙi. Haka ne, amma ko an daidaita nisan tafiyar, mummunan haɗari ya fi yawa a wajensu. Shi ya sa kamfanonin inshora a Turai suka daɗe suna cajin samari fiye da 'yan mata, kafin a hana bambancin a ƙarshen 2012.

Ƙannena, matsalar ba ta rashin iya murza sitiyari ba ce. Mu ma da ƙuruciya mun ɗauka saurin hannu shi ne gwaninta, alhali karanta hanya ne, wannan kuwa sai an shekara ana tuƙi.

Mota mai gudun kilomita 100 tana cin mita 28 a daƙiƙa ɗaya. Ka duba saƙo a waya na daƙiƙa uku, ka yi tafiyar mita 80 da ɗoriya ido a rufe. Birki kuma ba ya bin lissafin da kake zato: a busasshiyar kwalta, mai gudun 50 yana buƙatar kamar mita 14 bayan ya taka, mai gudun 100 kuwa kusan 55. Gudu ya ninka biyu, nisan tsayawa ya ninka huɗu. Ƙa'idar Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Najeriya ga ƙaramar motar gida ita ce 50 a cikin gari, 80 a babbar hanya, 100 a tagwayen hanya.

Ka bar tazarar daƙiƙa uku tsakaninka da na gaba. Idan ya wuce wani falwaya, fara ƙirga. In ka iso kafin uku, ka manne masa. Da ruwan sama ko ƙurar hunturu, ninka.

Kada ka yi obatekin a kwana, kan gada ko hawan tudu. Tirela doguwa ce, za ka daɗe a hannun da ba naka ba fiye da yadda idonka ya auna.

Abokai a mota su ma haɗari ne. Jihohin Amurka da yawa suna ƙayyade wa sabon direba yawan matasan da zai ɗauka da kuma tuƙin dare, don an ga zuga na sa ƙafa ta nutse a totur. Ranar ɗaurin aure, ana jerin gwanon motoci, wannan zugar ta fi tsanani.

Bel yana rage yiwuwar mutuwa da kusan rabi, ka ɗaura ko da nan da kasuwa ne. A gefen taya akwai lambobi huɗu da ke nuna lokacin da aka ƙera ta: 2321 na nufin mako na 23 na shekarar 2021. Tsohuwar taya kan fashe a kwalta mai zafi ko da zanenta bai goge ba, don haka ka duba kafin ka biya, musamman ta gwanjo.