Tarihin Rayuwata, Kashi na 7: Littafin Bashin Mai Kanti

Makon jiya na tsaya a inda Inna ta miƙa ni hannun yayanta don in koyi ciniki. To yau bari in shiga da ku cikin kantin.

Ɗaki ɗaya ne na jar ƙasa da rufin kwano, a bakin hanyar da ta tashi daga garin Gidar na arewacin Kamaru ta nufi iyakar Mubi. Tun zamanin Shugaba Ahijo Kawu ya buɗe shi, har sunansa na yanka ya ɓace, Fulani da Gidar da Fali kowa Mai Kanti yake cewa. Sukarin kwali, ganyen shayi, magi, ashana, batir, lagwani da kwalbar fitila, allura da zare, man auduga na Diamaor, duk akwai. Kananzir kuwa a waje yake kwana saboda wari. Wasu kayan daga Garwa ake saro su, wasu daga Mubi a bayan keke.

Ƙarƙashin teburin akwai wani littafi mai baƙin bango, wanda gumin hannu ya sa gefensa ya yi laushi. Da ajami Kawu yake rubutu a ciki. Ciniki da Fulatanci ake yi, amma lissafi da dala yake yinsa, sefa 5 dala ɗaya, sefa 1,000 jaka. Kowane gida da shafinsa, kuma ba ya rubuta sunan mace, ko da ita ta zo karɓa, sai na maigidan.

Wanda bai zauna ƙasar auduga ba zai yi mamakin yawan bashin nan. Manomi a wajenmu sau ɗaya a shekara yake ganin kuɗi a dunƙule, wato da rani, idan Sodecoton, wato kamfanin da ke sayen auduga, ta auna auduga ta cire kuɗin taki da maganin feshi ta ba shi ragowa. Daga nan har wata kakar sai lallaɓawa, musamman a watan Agusta da rumbu ya yi ƙasa. A lokacin ne za ka ga mace ta zo da 'yar kwalba a cikin mayafi, ta tsaya gefe sai mutane sun watse. Kawu ba zai bari ta buɗe baki ba. Sai ya ce da ni, “Kai, ɗan nan, auna wa innarka mai gwangwani biyu.” Gwangwanin tumatir ne ma'aunin. Sai ta yi nisa sannan ya jawo littafin.

A watan Janairun 1994 aka karya darajar sefa. Faran ɗaya na Faransa da ake canzawa sefa 50 ya koma 100, a rediyo muka ji. Kafin mako ya zagayo kaya sun yi tashin gwauron zabo a Garwa, kayan Najeriya ma da muke samun sauƙinsu suka daina araha, ga azumi yana tafe a Fabrairu, lokacin da sukari da shayi suka fi tafiya. Babban ɗan Kawu ya same shi bayan isha'i ya ce, “Baba, wanda ya ɗauki kwalin sukari da damina, ai kuɗin kwalin yau ya kamata ya biya. In ba haka ba jarin ya tafi.”

Kawu ya tura masa littafin. “Karanta min. Sukari aka rubuta ko kuɗi?”

“Kuɗi ne, Baba.”

“To abin da aka rubuta shi za a biya.”

Yanzu in ka je ƙauyen za su ce maka Mai Kanti bai ƙara ko dala ba a shekarar nan. Ba haka aka yi ba, ni na goge tsohon farashi da hannuna. Kayan da ke kan kanta duk ya ƙara musu kuɗi a makon, har aka yi ta gunaguni a bakin masallaci. Tsohon bashi ne kawai bai taɓa ba. Kuma ni a ganina ba tausayi kaɗai ba ne, akwai lissafi. Ya san mutanen nan da su zai kwana da su zai tashi, kuma wanda ka matsa wa a shekarar wuya, ran da ya samu kasuwar Gidar zai kai kuɗinsa.

Ya sha wuya dai. Abin da aka biya bai mayar da kayan da suka fita ba, sai da ya sayar da bijimai biyu ya cike gurbi, kanta ta sama kuma ta daɗe babu komai sai ƙura. Da farashin auduga ya tashi a kakar da ta biyo, a wurinsa aka kashe kuɗin.

Bayan rasuwarsa babban ɗan nan ne ya gaji kantin. Ya sa sola yana cajin waya, yana kuma tura kuɗi ta Orange Money. Har yau yana ba da bashi, sai dai shi da Faransanci yake rubutawa, kuma ba ya bari ya wuce wata biyu.

Mako mai zuwa in Allah ya kai mu, zan ba ku labarin ranar da Kawu ya fara aike na Mubi ni kaɗai, da yadda muka kwashe da 'yan duwan, wato 'yan kwastan, a hanyar dawowa.