Ɗigon ruwa da wuyan kaftani: inda na kwana a koyon manna gam

Assalamu alaikum 'yan uwana 'yan koyo. Wata na biyar ke nan ina zuwa shagon Oga, telan da ke koya mini ɗinki, duk Asabar da Lahadi, kuma rabona da ba ku labari tun ina fama da aljihu. Aljihu dai ya zauna, alhamdu lillahi. Abin da ya sha mini kai a makonni ukun nan shi ne gam, ƙyallen nan mai roba a fuska ɗaya wanda muke mannawa a cikin wuya da bakin hannu da gaban riga don su tsaya.

Na ɗinka wa kaina kaftani da sabuwar shadda ruwan toka, mai sheƙi kamar madubi. Na yanka gam, na ɗora a bayan yadin, na bi shi da dutsen guga sau uku ko huɗu, na ɗaga na ga ya kama. Na sa rigar Juma'a ɗaya ina ta taƙama. Wankin farko, wuyan ya tashi bororo-bororo kamar fatar da ruwan zafi ya ƙona. Da na kai wa Oga, sai ya farke ɗinkin, ya sa farce a gefen gam ɗin, ya ɗago shi salin-alin, ko zare ɗaya bai biyo shi ba. Ya dube ni ya ce, "Malam, ai ba ka dafa shi ba, ɗumama shi kawai ka yi."

Ranar na ɗauki guntun gam na fita da shi rana na ƙura masa ido. Ku ma ku gwada. Fuska ɗaya sumul take, ɗayar kuma tana da kaushi, cike da ƙananan ɗigo-ɗigo kamar an barbaɗa tsakin gero. Ɗigon nan roba ce mai narkewa da zafi. A kan gam mai laushi yawanci dangin nailan ce. Mai kauri na kwalar shat kuwa sau da yawa dangin leda ce, irin mai tauri, wadda ke jure wanki amma take neman zafi da danni fiye da sauran. Jikin da ke ɗauke da robar shi ma iri-iri ne. Akwai saƙaƙƙe, akwai kuma wanda muke ce wa na takarda, wanda ba a saƙa shi ba, zaruruwa ne aka baza aka manne su. Kamfanin Freudenberg na Jamus ya fara fitar da irin wannan a 1948 da sunan Vlieseline. To, tambayar da ta tsaya mini ita ce: robar nan ta narke, na gan ta ta kama, me ya sa ta saki?

Amsar ta zo mini ta inda ban zata ba. Ina yayyafa ruwa zan goge ragowar shaddar, sai na lura ɗigon ruwan ya zauna a kanta dunƙul-dunƙul, yana gangarawa idan na karkata yadin. Wanda ya fantsama a kan tsohon zanen da muke shimfiɗawa a teburin guga kuwa, kafin in ƙifta ido ya nutse. Nan take na tuna ganyen gwaza da damina, yadda muke wasa da ruwa a kansa muna yara, yana yawo kamar ƙwallo, ganyen ko damshi bai yi ba. Na kuma tuna darasin fizik da na ajiye shekaru da yawa, na koma na karkaɗe shi.

Ga yadda abin yake a taƙaice. Ƙwayoyin ruwa suna riƙe da junansu, shi ya sa samansa yake kamar fata a ɗaure. Idan ɗigo ya sauka a kan wani abu, ja-in-ja ake yi tsakanin riƙon da ruwan ke yi wa kansa da jan da abin ke yi masa. In abin ya fi ƙarfi, ɗigon ya baje. In ruwan ya fi son kansa, ya dunƙule. Wani Bature ɗan Ingila, Thomas Young, shi ya bayyana wannan a 1805, kuma ma'aunin da ake amfani da shi har yau shi ne kusurwar da gefen ɗigon ke yi da abin da ya zauna a kai. Ƙasa da digiri 90, ruwan yana jiƙa abin. Sama da 90, yana ƙin sa. Ganye irin na gwaza yakan kai wajen 150, saboda kakin da ke jikinsa da kuma ƙananan tudu-tudu da ke riƙe iska a ƙarƙashin ɗigon, ruwan na zaune rabi a kan ganye rabi a kan iska. Abin da ya ba ni dariya, waɗanda suka yi lissafin wannan zama a kan iska a 1944, Cassie da Baxter, mutanen tufafi ne, a cibiyar binciken ulu ta Leeds suke aiki. Ashe tun asali maganar tamu ce.

Mako na biyu sai na mayar da teburin cin abinci ɗakin gwaji, uwargida na kallona tana girgiza kai. Na jera ƙyallaye biyar: sabuwar shadda, guntun shaddar da na wanke, akoko da bai taɓa ganin ruwa ba, tsohuwar atamfa, da yadin foliyesta. Na ɗiga wa kowanne ruwa da tsinken ashana. Atamfa ta shanye nan take. Wankakkiyar shadda ta ɗan yi jinkiri sannan ta sha. Sabuwar ta riƙe ɗigon har na gaji da jira. Akoko ne ya ba ni mamaki, auduga zalla amma ya ƙi ruwa, saboda ɗanyar auduga tana da kakinta na halitta, ga kuma sitacin da ake shafa wa zare kafin saƙa. Dalilin da ya sa marina ke wanke farin yadi tas kafin su tsoma shi a baba ke nan, in ba haka ba rini ya fito dabbare-dabbare. Daga nan na taɓa ɗan omo a bakin tsinken na sake ɗigawa. Duk suka sha, har mai taurin kan. Ɗaurin saman ruwa a ma'aunin masana 72 ne, sabulu kuwa yakan sauko da shi wajen 30, fatar ta saki, ruwan ya kwanta.

A nan ne maganar Oga ta faɗa mini daidai. Robar gam idan ta narke ruwa ce ita ma, sai dai mai kauri, kamar zuma da sanyin hunturu. Kafin ta riƙe yadi dole ta jiƙa zaren, ta kwanta a kansa, ta kutsa tsakanin silin auduga, sannan ta daskare a can ciki. Ni abin da na yi, na ɗan tausasa ta ne har ta yi danƙo ta lafe a saman shaddar. Kuma saman shaddar ma ba auduga ta tarar ba, ta tarar da abin da aka shafa don sheƙi. Ta kama shafe, ruwan wanki ya zo ya tafi da shafen, gam ya rasa abin riƙewa.

Sai na koma kan dutsen guga. Ɗigon da ke jikin maɓallinsa ba ado ba ne: ɗaya digiri 110, biyu 150, uku 200. Yawancin gam ɗin da muke saye yana son wajen ɗigo biyu, na kwala ya ɗan haura. Amma zafin ƙasan dutse daban, zafin da ya isa wurin robar daban, tunda sai ya ratsa yadi ko gam kafin ya kai. Shi ya sa lokaci ke da muhimmanci. A masana'antar ɗinki ba sa wasa da wannan. Injin manni gare su mai bel, yana ɗaukar yankakken yadi ya ratsa da shi cikin zafi na ƙayyadadden lokaci, ya bi da shi tsakanin rola biyu su matse, sannan ya huce kafin hannu ya taɓa shi. Har 'yar takarda suke sakawa tsakanin yadi da gam, mai canza launi, don su san ainihin zafin da ya isa ciki. Mu da ba mu da wannan, sai ƙirge. Yanzu ina dannawa ne da nauyin jikina, in ƙirga goma sha biyar a hankali, in ɗaga, in matsa gaba kaɗan yadda sabon wuri zai hau kan tsohon. Ba na goga shi gaba da baya, don gogawa na jan gam ya karkace kuma ba ta barin zafi ya zauna wuri ɗaya. Wannan hawa kan juna yana da wani amfanin: ramukan tururi da ke ƙasan dutsen lantarki ba sa danna komai, in ba ka matsa ba za ka bar wuraren da ba su kama ba, daidai zanen ramukan.

Sannan hucewa, wadda ita ce na fi raina wa a da. Robar tana nan a narke bayan ka ɗaga dutse. In ka ɗauki yadin da zafinsa kana lanƙwasawa don ka ga ko ya kama, kai da hannunka ka raba su. Yanzu barin sa nake a shimfiɗe har ya yi sanyi.

Ranar da babu wuta mun hura dutsen guga na gawayi. Wajen danni ya fi na lantarki, nauyinsa kaɗai ya isa, amma zafinsa ba ya tsayawa wuri ɗaya. Oga yakan yarfa masa ruwa ya saurara. In ɗigon ya yi cuu ya ƙafe, ana iya aiki. In ya dunƙule yana rawa a kan ƙarfen, ya yi zafi da yawa. Wannan rawar ba irin ta ganyen gwaza ba ce, tururi ne ke ɗaga ɗigon, kuma sai ƙarfe ya doshi digiri 200 take faruwa.

Da na gane zafi ne maganin, sai na zarce, kamar yadda ɗan koyo ya saba. Na samu boyel mara nauyi na ba shi ɗigo uku da dogon danni. Robar ta tsinke kamar ruwa, ta ratsa ta fito ta fuskar yadin, ɗigo-ɗigo masu ƙyalli a jere, wurin ya yi tauri kamar kwali. Wata kuma ta bi ta baya ta manne a ƙasan dutsen, na kwashe rabin awa ina kankarewa. Jiƙawar da nake nema ita ce ta yi yawa. Tun daga ranar ba na manni sai da ƙyallen auduga tsakanin dutse da aiki, kuma yadi mara nauyi gam mara nauyi nake nema masa.

Kada wani ya ɗauki gwajin ɗigon nan a matsayin alƙali. Foliyesta ya riƙe ɗigon ruwa ya ƙi sha, amma gam ya kama shi da kyau. Narkakkiyar roba ba ta riƙe kanta da ƙarfin da ruwa ke yi, don haka tana kwanciya a wuraren da ruwa ke ƙi. Abin da ɗigon ke gaya mini shi ne in bincika. In auduga ce kuma ta ƙi ruwa, akwai wani abu a kanta, ko sitati, ko kaki, ko silikon da ake sa wa yadi don taushi da santsi, wanda masu manni a masana'anta suka daɗe da sanin yana hana gam kamawa. Akwai kuma bororon da ba ruwansa da jiƙawa: yadi ya shige a wanki gam bai shige ba, ko akasin haka. Maganin wannan shi ne ka bi yadin da tururi kafin ka yanka.

Matsalar da ta rage ita ce shaddar mutane. Wa zai yarda ka wanke masa sabuwar shadda kafin ɗinki, sheƙin da ya biya kuɗi dominsa ya ragu? Dabarar Oga, in ya ga yadi mai gardama, sai ya manna gam ɗin a kan wankakken farin yadi, ya saka shi a cikin wuyan kamar shafi, ɗinki ya riƙe shi. Ya ce kafin gam ya cika kasuwa haka teloli ke yi, su ninka yadi su bi shi da layukan ɗinki kusa-kusa har ya tsaya da kansa. Na gwada a sabon wuyan kaftanina. Ya fi cin lokaci, kuma kaurinsa ya ɗan fi, amma a ganina kwanciyarsa a wuya ta fi ta mannen kai tsaye kyau.

Yanzu duk aikin da zan yi sai na fara da ƙyalle. In manna, in bari ya huce, in yanka faɗin yatsu uku, kusan santimita 5 ɗin da masana'anta ke yankawa don nasu gwajin, in ja. In ya ɗago sumul, bai dahu ba. In ya yi gardama har gam ɗin na yagewa yana barin gashi a jikin yadin, ya yi. Sannan in jefa ƙyallen cikin wankin gida. Uku daga cikinsu sun sha wanki biyu ba su motsa ba, na sabuwar shadda ya fara ɗagawa ta kusurwa ɗaya, na bar shi a bokiti zuwa gobe in ga iyakarsa. Asabar mai zuwa in Allah ya kai mu zan shiga bakin hannu mai links. Wanda a cikinku ya taɓa manna gam a kan leshi ba tare da robar ta leƙo ta ramukan ba, don Allah ya faɗa mini yadda ya yi.